Tambaya da Amsa: Wai shuka ma tana da garkuwar jiki?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan cutar shuka ne, musamman tsatsa da burtuntuna, shi yasa na tattara su wuri ɗaya. Masu tambaya a kan taki da farashin iri ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni manomin alkama ne a Kadawa. Bara gonata da ta maƙwabcina kunya ɗaya ce ta raba mu, ruwa ɗaya muke sha, taki ma tare muka sayo, amma tasa ganyen ya yi ja kamar an barbaɗa masa garin tsatsa, in ka shiga har wandonka sai ya yi ja, tawa kuma ƙalau. Iri ne kawai ya bambanta. Wai dan Allah shuka ma tana da garkuwar jiki ne irin ta mutum? (Wani manomi daga Kura)

AMSA: Alhaji tana da ita, sai dai ba irin tamu ba. Mu muna da jini da ke zagayawa ɗauke da sojojin jiki, kuma jikinmu yana koyon cuta ya tuna ta, shi yasa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Shuka ba ta da wannan. Ita duk abin da za ta kare kanta da shi tun a cikin ƙwayar irin yake a rubuce, gado ne daga iyaye, in babu shi a irin toh babu shi kenan, ko ka zuba mata buhu goma na taki.

Wannan jan garin da ya ɓata maka wando ƙwayoyin haihuwa ne na wani fangas, dangin funfunar da ke fitowa a burodi ko tuwon da ya kwana biyu, amma shi na tsatsa a jikin shuka mai rai kawai yake iya rayuwa. Iska ce ke ɗaukar garin. In ya sauka a ganye kuma ya samu raɓa ta awanni kamar 6 zuwa 8, sai ya fitar da wani siririn zare ya lallaɓa ya shiga ta ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, daga nan ya cusa ɗan bakin tsotso cikin sel, wato ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka yi ganyen, ya fara shan abincin da ya kamata ya tafi zangarniya. Bushewar hunturu na cikin abin da ke rufa mana asiri a nan arewa, don raɓa ba ta daɗewa, amma wanda ya makara da shuka ko ya cika ruwa gonar ta yi duhu yakan gamu da ita.

Tsaron shuka hawa biyu ne. Hawa na farko yana bakin sel. Jikin kowane fangas akwai wani abu da ake kira kaitin, irin wanda ke ɓawon fara da kyankyaso, shuka kuma ba ta da shi ko kaɗan, saboda haka da ta ji ɓurɓushinsa ta san baƙo ya shigo. Masana a Japan ne suka gano furotin, wato ƙananan sinadaran da ke gudanar da aiki a jikin sel, waɗanda ke jin wannan kaitin, na shinkafa a 2006, sannan wani mai suna CERK1 a 2007. Da sun ji shi sai sel ya ƙara kaurin bangonsa a daidai wurin, ya watso sinadarai masu guba. Wannan hawan shi ke korar mafi yawan fangas ɗin da ke sauka a ganye kullum ba tare da ka ma san an yi ba.

Toh amma fangas ɗin da ya ƙware a kan alkama ya san da wannan, sai yake tura wasu ƙananan furotin nasa, ana ce musu ifekta, ɗaruruwa, cikin sel ɗin su kashe ƙararrawar, wasu ma aikinsu kawai su kwashe ɓurɓushin kaitin kafin shuka ta ji shi. Anan hawa na biyu ke shigowa, kuma nan ne bambancin gonarka da ta maƙwabcinka yake. A cikin sel akwai wasu furotin masu gadi, kowanne fuskar ɓarawo ɗaya tak ya sani. In ifektan da ya sani ya shigo, mai gadin ba ya tsayawa kokawa, sai ya sa sel ɗin ya kashe kansa nan take, shi kuma fangas ɗin tsatsa tunda sai da mai rai yake ci, yunwa ta kashe shi a wurin. In ka duba ganyenka da kyau watakila da ka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare ko ruwan ƙasa ƙanana, toh gurbin faɗan kenan. A 2022 an ɗauki hoton yadda ɗaya daga cikinsu, Sr35 na alkama, ke yi: guda biyar ne ke haɗuwa su yi da'ira kamar fure, su huda fatar sel, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki, sel ya mutu.

Kowane mai gadi ƙwayar gado guda ce ke ƙera shi, wato ɗan rubutun gadon da shuka ke karɓa daga iyaye a cikin iri. Alkama na da irin waɗannan sama da 2,000, shinkafa wajen 500, kuma ba kowane iri ke ɗauke da duka ba. Naka ya gaji wanda ya san nau'in tsatsar da ta zo bara, na maƙwabcinka bai gada ba. Shikenan.

Kuma wannan ba sabon sani bane. Tun 1905 wani Bature a Kambirij ta Ingila, Rowland Biffen, ya yi barbarar alkama mai kamuwa da tsatsa rawaya da wadda ba ta kamuwa, ya ga a jikoki kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka fito da juriya, wato abin yana bin lissafin gado sak. Sai Harold Flor a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, shi ya kwashe shekarun 1940 zuwa 1950 yana aiki a kan filas, tsiron da ake zaren lilin da shi, kuma abin da ya burge ni da mutumin nan shine bai tsaya a barbarar shuka kaɗai ba, har shi fangas ɗin ya dinga yi wa barbara yana ƙirga 'ya'yansa. Ya gano cewa duk ƙwayar gadon juriya a shuka tana da abokiyar gaminta a jikin fangas, sai biyun sun haɗu juriya ke aiki. Ya faɗi haka tun ba a iya karanta DNA, wato sinadarin da gado ke rubuce a cikinsa, ba, sai a 1992 aka fara ciro irin wannan ƙwayar gado a zahiri, Hm1 ta masara, ita kuma nata salon daban ne, gubar da fangas ke fitarwa take lalatawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni na tsufa a noma. Sau nawa ana kawo mana iri a ce wannan ba ya kamuwa da cuta, shekara uku huɗu yana kyau, daga nan sai ya fara kamuwa kamar kowa. Mu dai mun ce iri ne ke gajiya, yarana kuma sun ce yaudararmu ake yi. Wanne ne? (Wani dattijo daga Haɗejiya)

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba zan ce yaranka ba su da hujja ba, don jabun iri ya cika kasuwa, ana rina hatsi a zuba a leda mai kyau a sayar, kuma in mutum yana ajiye iri daga gonarsa shekara da shekaru yakan gauraye da na maƙwabta a masussuka, masara da gero kuma iska ma kaɗai ta isa ta gauraya su. In kuma irin haibirid ne, wato wanda aka haɗa iyaye biyu daban aka samar, ka sake shuka 'ya'yansa, dole su rarrabu, wasu su fito da juriyar wasu babu. Duk wannan yana faruwa.

Amma ko da irin na gaskiya ne tsantsa, abin da ka gani zai iya faruwa, kuma ba irin ne ya gaji ba Baba, yana nan yadda yake, cutar ce ta sauya. Ka tuna na ce wa ɗan'uwanmu na Kura mai gadin fuska ɗaya ya sani. Gona ɗaya mai tsatsa tana fitar da garin nan biliyoyi bisa biliyoyi, a cikinsu ba za a rasa ƙwaya ɗaya da aka samu kuskure wajen kwafe gadonta ba, ifektan nan da ake gane ta da shi ya ɓata ko ya sauya kama. A gonar da kowa ke shuka iri daban-daban wannan ƙwayar ba ta da wani fifiko. Amma in duk yankin iri ɗaya aka shuka, ita kaɗai ce ke da abinci, sauran 'yan'uwanta duk sun mutu, cikin damina biyu uku sai ta zama ita ce cutar gaba ɗaya. Wato farin jinin irin shi ke jawo masa faɗuwa.

Babban misali shine Sr31. Wannan ƙwayar gado asalinta ma ba ta alkama bace, daga wani hatsi ɗan'uwanta na ƙasashen sanyi da ake kira rai aka samo ta a Jamus, ta bi ta wasu irin alkamar Rasha ta shiga hannun cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko, daga can ta bazu duniya. Wajen shekara 30 tana riƙe da tsatsar kara, har wasu ƙasashe suka rage masu bincike a fannin don ana ganin an gama da cutar. A 1998 sai aka ga tsatsa ta lulluɓe alkama mai Sr31 a wata gonar gwaji a Yuganda, aka tabbatar a 1999, shi yasa ake ce mata Ug99. Ta shiga Kenya a 2001, Habasha 2003, Sudan da Yaman 2006, Iran 2007. Da aka gwada irin alkamar duniya aka ga kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari za su iya kamuwa. Norman Borlaug, wanda ya samu kyautar Nobel a 1970 saboda aikin alkama, yana da shekara 91 ya tashi ya dinga yawo yana tara kuɗi da masana a 2005 don a tare ta. A Kenya aka koma wa iri mai wata ƙwayar gadon juriya, Sr24, a 2006 wani reshe na Ug99 ya karya shi, a 2007 wani ya karya Sr36.

Na Habasha ma ya fi kama da abin da kake faɗa. A 2010 tsatsa rawaya ta cinye irin da manoma suka fi so, Kubsa da Galema, sai kowa ya ruga ya koma wani iri mai suna Digalu don shi ya tsira, kuma Ug99 ma ba ta kama shi. Kafin ka ce me ya mamaye gonaki. Ƙarshen 2013 wani nau'in tsatsar kara daban, wanda ma ba dangin Ug99 bane, ya sauka a yankin Bale, gonakin Digalu da yawa ba a girbi komai ba. Ƙwayar gado ɗaya ce ke tsare da shi daga tsatsar kara, ita aka karya.

Ni shawarata Baba, duk yadda iri ya yi maka kyau kar ka ba shi gonarka duka, raba ta biyu ko uku. A lardin Yunnan na Sin an gwada haka a 1998 da 1999, aka dinga jera layin shinkafa mai saurin kamuwa da cutar bilas, wani fangas mai ƙona ganyen shinkafa, a tsakanin layukan wadda ke jurewa, tsananin cutar a kan mai kamuwar ya ragu da kashi 94 cikin ɗari, amfaninta ya ƙaru da kashi 89. Kuma duk bayan 'yan shekaru a sabunta iri daga wurin da aka sani, na alkama Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakinsa, dawa da masara da gyaɗa da wake kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) da ke Samaru.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina karanta aikin gona a Zariya, aji uku. An koya mana cewa juriyar ƙwayar gado ɗaya ba ta daɗewa. Toh in haka ne ai aikin banza ake yi kenan, kullum a fitar a karya. Babu wadda ba ta karyewa ne? (Wata ɗaliba daga Samaru)

AMSA: Ƙanwata wannan tambayar ta fi min daɗi duk cikinsu. Akwai waɗanda suka daɗe ba a karya ba, kuma abin lura shine kusan dukkansu ba sa aiki ta hanyar gane fuskar cuta.

Ɗauki ƙwayar gadon mlo ta sha'ir. Akwai wata cuta da ke sa ganye ya yi fari kamar an watsa masa toka, ita wannan cutar ba ta iya kutsawa cikin sel sai da taimakon wani furotin na ita shukar kanta, MLO. In ƙwayar gadon da ke ƙera shi ta lalace, fangas ɗin zai zo ya yi ta ƙoƙarin hudawa ya kasa, kowane nau'insa kuwa, don ba wai an gane shi bane, abin da yake dogara da shi ne babu. Sai shuka ta gaji lalatacciyar daga uwa da uba duka kafin ta yi aiki, lissafin AS da SS da kika sani a sikila, sai dai anan mai biyun shine ya dace. An fara ganin ta a Jamus a 1942 a sha'ir ɗin da aka haska wa hasken eksire, daga baya aka tarar ashe manoman Habasha na da ita tuntuni a irinsu na gargajiya, cikin wanda Jamusawa suka kwaso a 1937 da 1938. Tun wajen 1980 ake shuka ta a Turai a fili mai faɗin gaske, yau sama da shekara 40 ba a karya ta a gona ba. An ciro ƙwayar gadon a 1997. Tana da nata kuɗin fa, ganyen yakan yi tabo-tabo ya tsufa da wuri, kuma wasu cututtukan daban sun fi samun sa.

Sai Lr34 ta alkama, ita wannan ba ta hana tsatsa kamawa, rage mata gudu take yi. Za ki ga ƙurajen tsatsar amma ƙanana, kaɗan, kuma a makare, kafin su yi yawa alkama ta riga ta cika ido. Sai shuka ta girma take aiki, tana ƙarama ba ruwanta. Tana cikin irin alkamar Italiya tun farkon ƙarni na 20, shekara ɗari kenan, kuma tana taɓa tsatsar ganye da rawaya da ta kara har da farar cutar nan. Da aka ciro ta a 2009 sai aka ga ba mai gadi bace sam, wani furotin ne mai fitar da kaya ta fatar sel. An ma gwada saka ta a dawa ta rage tsatsa da wata cutar fangas mai suna antaraknos. Haka Sr2, wadda wani Ba'amurke McFadden ya ɗauko daga tsohuwar alkamar ema a shekarun 1920 ya fitar da iri mai suna Hope, har yau tana cikin abin da ake jingina da shi a kan Ug99.

Me yasa waɗannan ke daɗewa? Tunda irin su Lr34 da Sr2 ba sa kashe cutar gaba ɗaya, babu wata ƙwaya ɗaya da za ta wayi gari ita kaɗai ke da abinci, kuma babu furotin ɗaya da fangas zai yar ya kuɓuta.

Mu ma nan yankin mun taɓa ganin wannan da idonmu, ko da yake ba a cika koyar da shi ba. A 1949 wata tsatsar masara ta ƙasashen Amurka masu zafi ta ɓulla a Saliyo. Masararmu ta yi ɗaruruwan shekaru rabonta da wannan cutar tun da aka kawo ta Afirka, juriyar duk ta sakwarkwace. Cikin shekara biyu uku ta ratsa Afirka ta Yamma har Najeriya, ta kai Kenya a 1952, wasu wurare an yi asarar rabin amfani. Amma kafin shekarun 1950 su ƙare cutar ta lafa ta zama ƙaramar matsala. Bayanin da masana da yawa suka bayar shine manoma ne da kansu, don duk wanda zai ajiye iri daga masarar da ta tsira ta yi goyo mai kyau yake ajiyewa, ita kuma masara iska ke mata barbara, sai ƙananan ƙwayoyin gado masu ƙara juriya kaɗan-kaɗan suka dinga taruwa damina bayan damina.

Toh kar ki ce aikin banza ne. Masu gadin nan ma suna da amfani in an tara su da yawa a iri ɗaya, don sai fangas ya sauya abu uku huɗu a lokaci guda kafin ya wuce, wannan kuma da wuya. Abin da nake ganin kuskure ne shine a saki iri da ƙwaya ɗaya tilo a watsa shi ƙasa duka, an ƙona ƙwayar gadon kenan, kuma ba a kasuwa ake sayo su ba, yawanci daga ciyayin daji dangin alkama ake wahalar tono su. Matsalar juriya mai rage gudu kuma ita ce tallata ta, manomi in ya ga ɗigon tsatsa ko ɗaya a ganye cewa zai yi an cuce shi, in kin fara aikin malamar gona za ki sha wannan bayanin.

TAMBAYA: Tunda ana yi wa yara da dabbobi rigakafi, me zai hana a yi wa shuka allura? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Ɗan'uwa rigakafi yana aiki ne don jikinmu na ƙera sabon makami ga kowace cuta ya ajiye, shuka ba ta iya wannan. Abin da take da shi mai kama da haka shine in cuta ta taɓa ganye ɗaya sai ta aika saƙo sauran jiki su zauna cikin shiri, sinadarin salisilik, ɗan'uwan asfirin, na cikin masu wannan aikin. Akwai magungunan feshi da ke tayar da wannan shirin tun cuta ba ta zo ba. Amma na 'yan makonni ne, bai kai ƙarfin juriyar gado ba, kuma yana cin ƙarfin da shuka za ta yi girma da shi. Dan Allah kar wani ya je ya jiƙa asfirin ya fesa wa hekta guda ya ce ni na ce.

TAMBAYA: Malam duk wannan maganar ƙwayar gado ba GMO ɗin nan da ake ta rigima a kai bane? Ni gaskiya tsoro nake ji. (Wata uwargida daga Kaduna)

AMSA: Hajiya kusan duk abin da na lissafa a sama, Sr31 da Sr2 da Lr34 da mlo ta sha'ir, ta barbara aka shigar da su, a ɗauko garin furen wannan a sa wa wancan a zaɓi 'ya'ya, ba GMO bane, wato shukar da aka saka wa ƙwayar gado a ɗakin gwaji. Kowace shuka da kika taɓa ci tana ɗauke da ɗaruruwan irin waɗannan ƙwayoyin gado tun fil azal. Waken SAMPEA 20-T da aka amince da shi a Najeriya a 2019 da masarar TELA su ne GMO, kuma su don tsutsa aka yi su, TELA har da jure fari, ba su da alaƙa da fangas.

Inda ake shiga ɗakin gwaji a wannan fannin shine inda barbara ta gagara, kamar ayaba. Ayabar da ake fitarwa kasuwannin duniya ba ta da ƙwaya a ciki, 'ya'yan gindinta ake dasawa, saboda haka duk gonakin kamar shuka ɗaya ce aka yayyanka. Har zuwa shekarun 1950 wata ayaba mai suna Gros Michel ce ke kasuwa, wani fangas na cikin ƙasa, fusariyam, ya shafe gonakinta a Amurka ta Tsakiya, aka koma wata ayabar mai suna Cavendish don ita ba ta kamuwa. Yanzu wani nau'in, TR4, yana kashe Cavendish ɗin, ya shiga Mozambik a 2013, Kolombiya a 2019, kuma yana shekaru da yawa a cikin ƙasa, feshi ba ya kai masa. Masana a Kwinslan ta Ostireliya suka ɗauko ƙwayar gado mai suna RGA2 daga wata ayabar daji suka saka wa Cavendish, hukumomin ƙasar suka amince da ita a 2024. Daga ayaba zuwa ayaba kenan. A Sin kuma a 2014 an yi amfani da fasahar gyaran DNA aka lalata MLO na alkama, kwafi uku gare ta shi yasa da wuya a dace da haka ta barbara, ba a ƙara mata komai daga waje ba. A 2021 wasu a Ostireliya suka jera ƙwayoyin gadon juriyar tsatsa guda 5 a jere suka saka wa alkama lokaci ɗaya.

Tambayar wa ke riƙe da irin, nawa za a sayar, ko manomi zai iya ajiye nasa, wannan tambaya ce mai kyau kuma ya kamata a dinga yin ta da ƙarfi. Amma ni ban ga dalilin jin tsoron cin ayabar da aka ba ƙwayar gadon 'yar'uwarta ta daji ba.

TAMBAYA: Dawata duk shekara sai na samu burtuntuna, zangarniya ta koma baƙin gari. Akwai irin da ba ya yi? (Wani manomi daga Funtuwa)

AMSA: Malam duba zangarniyar tukuna, don burtuntuna ba ɗaya bace. In ƙwayoyin dawar ne ɗai-ɗai suka zama 'yan jakunkuna masu baƙin gari a ciki amma zangarniyar na nan da siffarta, wannan a jikin iri take tafiya, garin yana manne wa lafiyayyun ƙwayoyi a wurin sussuka ka ajiye ka shuka da shi baɗi. Ita ba sai ka nemi wani iri na musamman ba, maganin wanke iri irin su Apron Star da ake sayarwa a ƙaramar leda yana gamawa da ita, ka gauraya da irin sosai kafin shuka, ka sa safar hannu, kuma ragowar irin da aka sa wa magani kar ya kusanci tukunya ko kaji. Irin da za ka ajiye kuma ka zaɓe shi tun a gona, ka sussuke shi daban.

In kuwa zangarniyar ce gaba ɗaya ta zama baƙin dunƙule da wasu zare-zare a ciki, wannan a ƙasa take kwana shekara da shekaru, ta kama dawa tun tana tsiro, wanke iri ba ya wadatarwa. Anan juriyar gado ce babban magani, kuma ita ma a jihar Texas ta Amurka an sha fitar da dawa mai jurewa sabon nau'in cutar ya karya. Ka dinga yanke masu cutar tun jakar ba ta fashe ba ka zuba a buhu ka ƙone a wajen gona, ka huta da dawa a wannan filin ka sa gyaɗa ko wake ko waken suya na 'yan shekaru, sannan ka kai samfurin zangarniyar ofishin malaman gona na ƙaramar hukumarku su faɗa maka wanne daga cikin irin dawar Samaru da ake kira SAMSORG ya dace da yankin Funtuwa.